Hakkin Zakin Da Aka Tsare: Darasi Daga Gidan Namun Daji Na Landan

 Darasinmu na wannan mako ya shafi wani hakki wanda ba a cika jin sa a wurin wa'azi ba, watau hakkin dabbar da mutum ya kama ya tsare don jama'a su zo su yi kallo, alhali ba zai ci namanta ba, ba zai hau ta ba, ba kuma za ta yi masa noma ba. Kusan kowane Musulmi ya san hadisin nan da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar, Allah ya yarda da su, game da wata mace da Allah ya yi wa azaba saboda kyanwa. Laifinta shi ne ta kulle ta, ta bar ta da yunwa da ƙishirwa har ta mutu, alhali da ta buɗe mata ƙofa da ta nemi abincinta da kanta. To, masana halittar dabbobi sun tabbatar cewa zaki da damisa da kyanwar nan ta gida duk dangi ɗaya ne, girma ne kawai ya bambanta su. Saboda haka tambayar da ke gabanmu ita ce: in wannan ne matsayin wanda ya kulle kyanwa, yaya matsayin hukumar da ta kulle zaki shekara 15 ko 20?

Abin lura a cikin wannan hadisi shi ne, ba kullewar kaɗai aka ambata ba. An haɗa ta da hana abinci, an kuma haɗa ta da hana 'yanci. Ma'ana, duk wanda ya rufe wa dabba ƙofar neman abin da Allah ya tanadar mata a daji, to ya ɗauki nauyin kawo mata shi har inda take. Malamai sun fahimci halaccin tsarewa daga labarin ƙanen Anas ɗan Malik, yaron nan Abu Umair wanda ke da ɗan tsuntsu yana wasa da shi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya san da haka bai hana ba, har ma ya yi wa yaron raha ranar da tsuntsun ya mutu. Amma fa sun ɗaura halaccin da sharaɗin kulawa, wasunsu ma sun ƙi sanya tsuntsu a keji don jin daɗin kukansa kawai. A mazhabarmu ta Malikiyya, Shehu Halil ya kawo a Muhtasar, a babin ciyarwa, cewa ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita in babu makiyaya, in kuwa ya ƙi ko ya kasa sai a sayar da ita. Ku riƙe wannan hukunci na ƙarshe da kyau, domin a kansa maganarmu za ta tsaya: wanda bai iya sauke hakkin dabba ba, raba shi ake yi da ita.

Malam Izzuddin ɗan Abdussalam, wanda ya rasu a Masar a shekarar 1262, ya faɗaɗa maganar a littafinsa Ƙawa'idul Ahkam. Ya lissafa hakkokin dabba a kan mutum, ya sa a ciki ciyar da ita ko da ta tsufa ko ta yi ciwon da ba ta da sauran amfani, da kyautata makwancinta, da kada a haɗa ta wuri ɗaya da abin da zai cuce ta ko daga jinsinta ne, da kuma haɗa maza da mata in lokacin barbara ya yi. Mai karatu ya ga ke nan tun shekaru fiye da 700 da suka wuce malamanmu ba su tsaya ga ci da sha ba, sun shigar da mazauni cikin lissafi.

Ajiye zakoki kuwa ba baƙon abu ba ne a tarihin sarakunan Musulmi, kuma an samu iri biyu. Malam Haɗib na Bagadaza ya ba da labarin yadda Halifa Muƙtadir ya karɓi jakadun Sarkin Rum a shekarar 917, aka zaga da su fadarsa har aka kai su inda aka jera zakoki 100, hamsin a dama hamsin a hagu, kowanne da mai riƙonsa da sarƙa a wuya. Wannan nuna isa ne tsantsa, yawan shi ne abin alfahari. Shi kuwa Humarawaihi ɗan Ahmad ɗan Ɗulun, wanda ya mulki Masar daga 884 zuwa 896, Malam Maƙrizi ya siffanta gidan zakokinsa da wata siffa dabam. Kowane zaki da zakanyarsa suna da ɗakinsu, an shimfiɗa musu yashi, an kafa musu kwamin ruwa na marmara da ruwa ke zuba a ciki ta bututun tagulla, ƙofofin kuma daga sama ake ɗaga su. A gaban ɗakunan akwai babbar farfajiya mai yashi inda ake sakinsu su miƙe ƙafa, mai kula da su ya samu damar shiga ya share ɗaki ya ajiye nama. Duk da cewa shi ma almubazzarancin sarauta ne ya kai shi, wanda ya zana masa ginin ya gane abin da gidajen namun daji na Turai suka daɗe ba su gane ba.

Bari mu ɗauki gida guda mu bi tarihinsa, domin gani ya kori ji. Gidan namun daji na Landan, babban birnin Ingila, an buɗe shi a shekarar 1828 a gefen wani babban lambu mai suna Regent's Park, aka soma barin kowa da kowa ya biya ya shiga a 1847. Faɗinsa eka 36 ne kacal, birni ya kewaye shi, ba shi da inda zai matsa. A 1876 aka gina masa Gidan Zakoki, dogon zaure ne mai keji-keji a jere da sandunan ƙarfe, mutum ya shiga ta wannan ƙofa ya fita ta waccan ya ga zaki, ya ga damisa, ya ga taiga, watau babbar damisar nan ta Asiya mai ratsi-ratsi, ya ga jagwa ta Kudancin Amurka. A wancan zamani darajar gidan namun daji tana ga yawan ire-iren da ya tara, kamar yadda attajiri ke taƙama da yawan rigunan da ke cikin adakarsa. In dabba ta mutu kuwa ba wata damuwa, sai a aika ƙasashen da ake mulka a kamo wata.

Wani Bajamushe ɗan kasuwar namun daji, Carl Hagenbeck, shi ya fara karya wannan al'ada. A 1907 ya buɗe gidansa a Stellingen kusa da birnin Hamburg, ya kawar da sandunan ƙarfe, ya haƙa gwalalo tsakanin zaki da 'yan kallo, bayan ya gwada iyakar tsallen da kowace dabba ke iya yi. Mutane suka ga zaki a fili kan duwatsu, abin ya burge, gidaje da yawa suka kwaikwaya. Sai dai gaskiyar magana, idon ɗan kallo ne ya fi cin moriyar wannan sauyi, domin sau da yawa gwalalon ya cinye filin da ya kamata zakin ya taka. Landan ba ta rushe tsohon Gidan Zakokinta ba sai da ya kusa cika shekara 100, aka maye gurbinsa a 1976 da wasu farfajiyoyi na waje masu ciyawa da raga. An samu ci gaba, amma tunanin tarawa bai gushe ba: an yanka filin gunduwa-gunduwa don kowane iri ya samu gurbi, manyan kyanwoyi da ƙanana.

Me ya sa ƙuncin wuri ya fi cutar da irin waɗannan dabbobi? Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban kejin zaki ko damisa ya ga abin nan da suke yi, kai da kawowa a bakin raga, daga wannan kusurwa zuwa waccan, kamar mai safa da marwa, har ƙafarsu ta fitar da hanya a ƙasa. Yara kan ce yana nuna jarumtaka ne. Masana kuwa suna ɗaukar sa alamar damuwa. A shekarar 2003 wasu masana biyu na Jami'ar Oxford, Ros Clubb da Georgia Mason, suka buga sakamakon bincikensu a mujallar kimiyya mai suna Nature. Sun kwatanta ire-iren dabbobi masu cin nama da ke tsare, suka gano cewa gwargwadon faɗin dajin da dabba ke yawo a cikinsa a asalinta, gwargwadon yawan wannan kai da kawowa in an tsare ta, haka kuma gwargwadon yawan mutuwar 'ya'yanta suna ƙanana. Shawarar da suka yanke ita ce ko dai a gyara yadda ake ajiye irin waɗannan dabbobi gyara na haƙiƙa, ko kuwa a daina ajiye su. Ashe ba wannan ne hukuncin da muka ji a Muhtasar ba?

Tun kafin su, wani masani ɗan ƙasar Suwizalan, Heini Hediger, wanda ya shugabanci gidajen namun daji na Basel da Zurich, ya nuna cewa faɗi kaɗai ba ya wadatarwa. Abin da ke cikin filin yana da nauyi kamar faɗinsa. Dabba na bukatar inda za ta ɓuya daga idon mutane, da tudun da za ta hau ta hangi nesa, da inuwa, da inda za ta kauce wa 'yar uwarta in rai ya ɓaci. Zaki dabbar jama'a ne, cikin garke yake rayuwa, yana iya kwashe awa kusan 20 a yini yana hutawa. Taiga kuwa 'yar kaɗaici ce, tana son ruwa, tana iyo. Damisa tana son hawa bishiya. Keji iri ɗaya da aka jera musu a 1876 bai yi la'akari da ko ɗaya daga cikin waɗannan halaye ba. Alƙur'ani mai girma, a aya ta 38 ta Suratul An'am, ya sanar da mu cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummai ne kamar mu, kuma kowace al'umma da irin rayuwarta.

A kan wannan fahimta Landan ta sake gini. A watan Maris na 2013 aka buɗe sabon mazaunin taiga 'yan tsibirin Sumatara na ƙasar Indunusiya, mai faɗin murabba'in mita 2,500, watau ninki biyar na tsohon, a kan kuɗi fam miliyan 3 da dubu 600. An sa masa tafkin wanka, da dogayen turaka da ake rataya nama a kansu don dabbar ta hau ta ciro da ƙarfinta, da duwatsu masu ɗumi saboda sanyin Ingila, aka lulluɓe samansa da ragar ƙarfe. A watan Maris na 2016 kuma Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta buɗe wurin da suka sa wa suna Ƙasar Zakoki, shi ma murabba'in mita 2,500, a kan fam miliyan 5 da dubu 200, an gina shi a kan farfajiyoyin nan na 1976. Lokacin da ake ginin sai da aka kwashe zakanyoyin aka kai su Whipsnade, babban gandun da hukumar gidan ke da shi a karkara, mai faɗin eka 600.

Kada dai adadin ya ruɗe mu. Murabba'in mita 2,500 kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na filin ƙwallon ƙafa. Garken zakoki a dajin Serengeti na Tanzaniya yana riƙe da yankin da ya kama daga murabba'in kilomita 20 zuwa 400. Ko da mafi ƙanƙantar wannan aka ɗauka, ya ninka sabon wurin na Landan sau 8,000. Babu gidan namun dajin da zai iya mayar wa zaki dajinsa. Iyakar abin da ake nema shi ne a fitar da shi daga halin cutuwa zuwa halin da za a iya cewa an kyautata makwancinsa.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Filin da ba ya ƙaruwa, in an ninka rabon wani sau biyar, dole rabon wasu ya tafi. Taura biyu ba ta taunuwa. Filin da a da aka raba wa ire-iren kyanwoyi da dama ya koma na zaki, aka haɗa shi da wasu birai da tsuntsaye. Mazaunin taiga kuwa an kafa shi ne a inda a da ake ajiye wasu dabbobin ruwa da manyan tsuntsaye. Bayan an gama, manyan kyanwoyi iri biyu kaɗai suka rage a gidan, zakin Asiya da taigar Sumatara. Damisa da jagwa da kakannin 'yan kallo suka saba gani duk sun zama tarihi. Wannan raguwa kuwa ba a kan kyanwoyi ta fara ba. Tun 1985 aka kwashe beyar daga tsaunukan kankare da aka gina musu. A 1991 talauci ya sa aka ba da sanarwar za a rufe gidan baki ɗaya, sai taimakon jama'a ya cece shi, ciki har da kyautar fam miliyan 1 daga Sarkin Kuwait a 1992, aka kuma rage yawan dabbobi sosai. A 2001 aka kwashe giwaye zuwa Whipsnade, bayan birnin ya shafe shekaru kusan 170 yana da giwa a wannan lambu.

Masu sha'awar gidajen namun daji da yawa sun yi kuka da wannan. Suna cewa an talauta gidan, yaro ya zo ya tafi bai ga damisa ba, kuma gidajen Turai sun koma kamar an buga su a injin ɗaya, ko'ina zaki da taiga. A ganina kukansu ya kasu biyu, rabi abin saurare ne, rabi kuma ba hujja ba ce. Cewa ɗan kallo yana so ya ga iri goma ba ya halatta a ƙuntata wa iri goma. Kallo abu ne da aka halatta, kyautata wa abin da aka tsare kuwa wajibi ne, kuma ba a sayar da wajibi don a sayi abin da yake halal kawai. In fili na ɗaukar iri biyu cikin mutunci, iri biyu za a ajiye. Raguwar da ta zo ta wannan hanya biyan bashi ne da aka daɗe ana ci.

Amma ɗaya rabin akwai ƙamshin gaskiya a cikinsa. A Ƙasar Zakoki an kashe kuɗi da fili wajen kwaikwayon wani ƙauyen Indiya, da tashar jirgin ƙasa, da shaguna, da kangon wurin bauta, har da ɗakunan kwana na haya ga masu son su kwana suna jin gurnanin zaki. Zaki bai san tashar jirgi ba, ba ta kuma ƙara masa komai. Masu gidan za su ce da wannan ake jawo 'yan kallo, da kuɗinsu kuma ake ciyar da dabbobi, ake kuma sanar da su yadda mutanen Indiya ke zaune kafaɗa da kafaɗa da zakoki. Hujja ce mai ƙarfi ga gidan da ya taɓa leƙa ramin rufewa. Duk da haka, in an kori damisa da sunan bai wa zaki fili, sa'an nan aka gina kanti a wani sashe na filin, dole a yi tambaya. Haka kuma ƙananan kyanwoyin daji, waɗanda ba su bukatar fili mai yawa kuma wasunsu na cikin haɗarin ƙarewa, su ne suka fi saurin rasa gurbi, don kawai ba su cika aljihun mai sayar da tikiti.

Yaya ake zaɓen wanda zai zauna? A yau gida ɗaya ba ya yanke wannan shi kaɗai. Tun 1981 a Amurka, da 1985 a Turai, gidajen namun daji suka haɗa kai suka kafa tsarin kiwon haɗin gwiwa. Kowane iri yana da littafin nasaba da mai kula da shi, shi ke cewa wannan namiji ya tafi gida kaza, wannan mace kada ta sake haihuwa, don kada jini ya yi kusa ya haifar da nakasa. Tun da an daina kamowa daga daji, kowane iri yana bukatar ɗaruruwan gurabe a gidaje daban-daban kafin ya ɗore. Gurabe kuwa sun ragu saboda kowanne ya faɗaɗa. Shi ya sa ake ganin gidaje da yawa sun taru a kan ire-ire kaɗan: gara a riƙe biyar da kyau da a riƙe ashirin kowanne yana ƙarewa a hankali.

Labarin zakin Asiya ya nuna amfanin wannan tsari da wahalarsa. A da wannan zaki ya bazu daga ƙasashen Larabawa da Farisa har Indiya, amma yanzu ba a samunsa a daji sai a dajin Gir da kewayensa, a jihar Gujarat. A farkon ƙarni na 20 ya kusa ƙarewa saboda farauta, sai Nawab na Junagadh, sarki Musulmi mai mulkin yankin, ya ba shi kariya. Ƙidayar 2015 ta samu 523, ta 2020 ta samu 674, ta 2025 kuma 891. Amma duk a yanki ɗaya suke, kuma a 2018 wata cuta da ake ɗauka daga karnuka ta kashe fiye da 20 cikin 'yan makonni. Saboda irin wannan annoba ake son a samu ajiya a wani wuri. A 1987 binciken jini ya nuna cewa zakokin da gidajen Amurka ke kiwo da sunan na Asiya sun gauraya da jinin na Afirka, aka dakatar da shirin. Turai ta sake sabon lale a farkon shekarun 1990 da zakoki 9 kacal da aka kawo daga Indiya zuwa Landan da Zurich da Helsinki. Zaki mai wannan tarihi shi aka bai wa filin da damisa ta bari.

Akwai abin da ya shafe mu kai tsaye a nan. A 2017 masana suka sake rarraba zakokin duniya, suka sa zakin Gir da zakin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya a reshe ɗaya, na Gabas da Kudancin Afirka kuma a wani reshen. Watau zakin da Ingilishi suka kashe wa fam miliyan 5 ɗan uwan namu ne na kusa. Wani bincike da aka buga a 2014 ya kiyasta cewa zakoki kusan 400 ne suka rage a duk Afirka ta Yamma, mafi yawansu a gandun da ya haɗa Nijar da Benin da Burkina Faso, kaɗan a Senegal, kaɗan kuma a Yankari da Kainji. Na Indiya ya fi namu yawa ke nan tun a wancan lokaci.

Saura magana mafi nauyi, wadda masu gyaran keji ba su cika son a tayar ba: ina makomar waɗanda aka rage? Wanda ya ɗaure kura shi ya san yadda zai kwance ta. Mafi kyawun hanya ita ce a mayar da dabba wani gidan da zai riƙe ta da kyau, ko a bar tsofaffi su ƙarasa kwanansu ba tare da an maye gurbinsu ba, a kuma hana haihuwa ta hanyar magani ko raba maza da mata. Wannan ya dace da abin da Malam Izzuddin ya faɗa na ci gaba da ciyar da dabba ko amfaninta ya ƙare. Amma wasu gidaje na Turai suna da wata manufa. A watan Fabrairu na 2014 gidan namun daji na Kopenhagen, a ƙasar Denmak, ya kashe wani matashin raƙumin dawa lafiyayye, aka feɗe shi gaban jama'a aka ba zakoki naman, saboda jininsa ya yi yawa a tsarin kiwo. Wata guda bayan haka ya kashe zakoki 4, manya biyu da 'ya'ya biyu, don a ba wani sabon namiji wuri. Hujjarsu ita ce sabon namijin zai kashe 'ya'yan ko ta yaya, kamar yadda zakoki ke yi a daji, kuma barin dabba ta haihu ta yi reno yana cikin jin daɗinta, ko da daga baya za a kashe abin da ta haifa.

Raƙumin dawa dai ana iya cewa nama ne aka ciyar da masu cin nama, domin ko ba shi ba wata dabbar za a yanka musu. Na zakokin kuwa da wuya a sama masa mafita a shari'a. Nasa'i ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi gargaɗin cewa za a tambayi mutum game da kashe ko ɗan tsuntsu ne ba da hakki ba. Gaskiya ne an yi izinin kashe dabba mai cutarwa, kuma Imamu Malik a Muwaɗɗa ya shigar da zaki da damisa cikin ma'anar kare mai cizo da ake kashewa ko a cikin harami. Amma dalilin izinin shi ne farmakin da suke kai wa mutane. Ɗan zakin da aka haifa a bayan raga, da shirin mutum da lissafinsa, bai kai wa kowa farmaki ba. Wanda ya san ba shi da gurbi, tun kafin barbara ya kamata ya tsaya.

Ba kuma za mu ce hanyar haɗa maza da mata ba ta da nata haɗari ba. A farkon shekarar 2019, a wannan sabon mazaunin taiga na Landan, aka kawo wani namiji daga Denmak, aka ajiye shi kwana 10 yana jin ƙanshin macen ta bayan shinge. Ranar da aka buɗe ƙofa tsakaninsu ya far mata ya kashe ta, ma'aikata suna ta ƙoƙarin raba su da ƙara da ƙararrawa ba su samu nasara ba. Hakkoki biyu da malamin ya jera, na haɗa su da na kare su daga juna, sun yi karo a rana ɗaya. A daji macen da ba ta so tana da inda za ta gudu. Fili ninki biyar bai ba ta wannan ba.

A nan gida, gidan namun daji na Kano da aka kafa zamanin Gwamna Audu Bako a farkon shekarun 1970, da makamantansa a wasu garuruwa, kan cika maƙil a ranakun Salla, kuma wurin zaki ne kowa ke nufa. Lissafin da ya hau kan Landan ya hau kan kowace hukuma tamu, sai ma abin da ya ƙaru, domin a wurinmu kuɗin abinci ne ke fara yin ƙaranci kafin fili. Babban zaki na bukatar nama kamar kilo 7 a yini, watau fiye da kilo 2,500 a shekara, ban da magani da albashin mai kula da shi da gyaran shinge. Hukumar da kasafinta ke ɗaukar zaki uku, in ta ajiye takwas don a ce tana da su, ta shiga sahun matar nan mai kyanwa ko da niyyarta ta alheri ce, kuma rushe bango tsakanin keji biyu a mayar da su ɗaya ya fi gina na uku lada. Shi kuma ɗan kallo da ya tarar da manyan dawa yana barci a inuwa, ya sani barcin nan halinsa ne tun a daji. Jifansa da tsakuwa ko tsokanarsa da kara don ya tashi ya yi gurnani cutarwa ce, uban da ke riƙe da hannun yaro a wurin kuwa shi ne farkon wanda ya wajaba ya hana.